Harajin gado a jihohin Amurka: kalma ɗaya, haraji biyu

Idan Bahaushe ya ce "harajin gado", abu ɗaya yake nufi. A Amurka kuwa haraji biyu ne daban-daban, kuma rashin bambanta su kan jawo wa magada asara.

Na farko shi ne harajin dukiyar mamaci. Ana haɗa duk abin da mutum ya bari, gida, kuɗin banki, hannun jari, a cire bashi, sannan hukuma ta ɗauki kasonta tun kafin a zo maganar rabo. Gwamnatin tarayya tana karɓar irinsa har kashi 40 cikin 100, amma a 2025 sai dukiya ta haura dala miliyan 13.99 take shiga ciki. Wannan ne ke sa mutane da yawa su saki jiki, su ce ai na attajirai ne. Nan kuskuren yake. Jihohi 12 da birnin Washington suna da nasu, kuma ma'aunin yawancinsu ƙasa yake sosai. A Oregon dala miliyan 1 ne, a Massachusetts miliyan 2. Mai gida ɗaya a Boston, babban birnin Massachusetts, da ɗan kuɗin fansho zai iya tsallake wannan layin bai sani ba. New York ta fi tsanani: in dukiya ta wuce ma'aunin da fiye da kashi 5 cikin 100, rangwamen gaba ɗaya ya tafi, a yi lissafi tun daga dalar farko.

Na biyu shi ne harajin magaji. Shi ba ruwansa da jimillar dukiya. Yana duba wanda ya karɓa ne da kusancinsa da mamacin. Jihohi 5 ke karɓarsa: Pennsylvania, New Jersey, Kentucky, Nebraska da Maryland, wadda ita kaɗai ke haɗa duka biyun. Iowa ta soke nata daga farkon 2025.

Ɗauki Pennsylvania. Matar mamaci ba ta biyan ko sisi. Ɗan da ya haura shekara 21 zai biya kashi 4.5, ɗan'uwa kashi 12, wanda ba dangi na kusa ba kashi 15. Wato in rabon mutum dala 100,000 ne, ɗa zai ba da 4,500, ƙanin mamaci kuwa 12,000. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu Musulmi mazauna can kai tsaye, domin wanda ya rubuta wasiyya cewa a raba dukiyarsa bisa shari'a, kuma ba shi da ɗa namiji, 'yan'uwansa na iya shiga rabo, harajinsu kuma ya fi na 'ya'ya nauyi.

Shi ya sa masu taimaka wa mutane tsara gadonsu tun suna raye suke fara tambayar inda mutum ke zaune. Florida da Texas ba sa karɓar ko ɗaya. Amma ƙaura ba ta kuɓutar da gida ko fili, domin jihar da suke ciki ce ke da iko a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya sayi gida a Amurka ba ya zaune can. Rangwamen da tarayya ke ba irinsa dala 60,000 ne kacal, abin da ya haura kuma sai magadansa sun biya haraji a kai.