Ciyar da mara lafiya dab da tiyata ba gata ba ne

Akwai masu cewa wanda za a yi wa babbar tiyata ya cika cikinsa don ya samu ƙarfi. Shi ya sa wasu masu jinya kan lallaɓa su ba shi fura da asuba, ko da likita ya hana. Tausayi ne ke jawo haka, amma akwai haɗari.

Idan allurar barci ta kama mutum, tari da haɗiyar da ke tsare maƙogwaro suna tsayawa, sai abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu. Don haka galibi ake dakatar da abinci awa 6 kafin aiki, mai maiƙo awa 8, ruwa zalla kuwa awa 2. Kunu da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Ruwan da jiki ke buƙata, ta jijiya ake ƙara shi.

Tun da dare ku tambayi likita ko nas: ƙarfe nawa za a daina ci, kuma yaya za a yi da maganin suga ko na hawan jini? In an riga an ci, a faɗa, gara a ɗage aikin. A daren, ku zauna da mara lafiyar, ku yi hira da addu'a.

Don Allah ku tura wa masu jinya wannan bayani.