Waiwaye: Fadar Manwoldae da tonon da siyasa ke katsewa

A gindin dutsen Songak da ke Kaesong, Koriya ta Arewa, akwai matakalai huɗu na dutse, kowacce mai hawa 33. In ka hau, fili ne fetal. Nan babban zauren fadar Manwoldae ya taɓa tsayawa. Wang Geon, wanda ya kafa daular Goryeo a 918, shi ya mai da garin babban birni a 919, aka gina fadar hawa-hawa bisa gangaren dutsen.

Ginin katako ne, don haka wuta ce ajalinsa. Ya ƙone a harin da mayaƙan Kitan daga arewa suka kai a 1011, ya sake ƙonewa a tawayen 1126, ana sake ginawa. Da mayaƙa masu jan rawani suka kutso daga Sin a 1361 suka cinna masa wuta, bai ƙara tashi ba. Abin da ya rage shi ne duwatsun da ginshiƙai ke zama a kai, da katangun tare ƙasa, da fasassun fale-falen rufi. Daga tazarar da ke tsakanin duwatsun nan ake gane faɗin kowane zaure.

Kafin yaƙin Koriya, Kaesong na hannun Kudu. Tsagaita wutar 1953 ta bar shi a Arewa. Sai a 2007 masanan ɓangarorin biyu suka fara tono tare a yammacin fadar, zagaye takwas zuwa 2018. Sun zaƙulo tangaran masu ruwan kore-kore, a 2015 kuma suka tsinci ƙwayar harafin ɗab'i ta ƙarfe, abin da ya ƙarfafa shaidar cewa Goryeo ta riga Turai buga littafi da irinsa. A 2013 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Amma aikin tafiyar hawainiya ya yi. Nitsewar Cheonan, jirgin yaƙin Kudu, a 2010 ta tsayar da shi, haka rasuwar shugaban Arewa Kim Jong Il a 2011, haka gwajin nukiliyar da Arewa ta yi a 2016. Wannan tsaiko ba ƙaramar illa ba ce: ruwan damina na gangarowa daga dutse, ya taru a bayan katanga har ya ture ta, ya cakuɗa ƙasar da ake karanta zamani da ita. Gyaran ɓarnar ruwa ake yi a 2011 lokacin da aka ce kowa ya tattara kayansa.

Tun Disamban 2018 ba a koma tare ba. Kayan da aka tono suna Arewa, masanan Kudu kuwa hotuna da awon da suka ɗauka ne kawai a hannunsu.