Waiwaye: Yadda aka soma auna bayanin da ake yi wa masu ciwon daji a harshen Folan

Duk shekara ana tabbatar wa mutum wajen dubu 170 cewa suna da ciwon daji a ƙasar Folan, kuma kusan dubu 100 ne cutar ke zama ajalinsu. Kowannensu akwai ranar da ya zauna gaban likita aka yi masa magana. Me aka gaya masa, me ya kama a ciki, da me ya koma gida? Wannan tambaya ba ta daɗe da shiga jerin abubuwan da asibiti ke aunawa ba.

Folan ba baƙuwa ba ce a yaƙi da wannan cuta. Tun 1932 aka buɗe Cibiyar Radiyom a birnin Warso, da ƙoƙarin masaniyar kimiyya Marie Curie, 'yar asalin garin, da yayarta likita Bronisława Dłuska. Magani ya zo da wuri, amma gaya wa majinyaci gaskiya ya yi nauyin ƙafa, kuma ba a can kaɗai ba. A 1961 wani likita mai suna Donald Oken ya tambayi likitoci a Amurka, sai kusan tara cikin goma suka ce sun fi son kada su shaida wa mutum cewa kansa, wato ciwon daji, ce ke damunsa. Da aka sake irin wannan tambaya a 1979, kashi 97 cikin ɗari suka ce sukan faɗa. A Folan da maƙwabtanta tsohuwar al'adar ta fi daɗewa. Likita kan ja matar mutum ko babban ɗansa gefe ya sanar da su, shi kuwa mai ciwon a bar shi da kalaman kwantar da hankali. Ba mugunta ke sa a yi haka ba, tausayi ne. Sai dai wanda aka ɓoye wa ba ya iya zaɓar maganinsa, ba ya kuma iya kintsa al'amuran gidansa.

Bayan faɗuwar mulkin gurguzu ne doka ta shiga maganar. Dokar aikin likita ta 1996, a sashe na 31, ta wajabta wa likita ya yi wa majinyaci bayanin da zai iya fahimta game da lafiyarsa, da sunan cutar, da hanyoyin bincike da magani, da abin da ka iya biyo baya idan an yi ko an bari. Amma sashen ya bar ƙofa guda a buɗe: idan alamu sun nuna ciwon ya yi muni, kuma likita ya ga taƙaitawa ce alheri, yana iya rage bayanin. Ƙofar tana da sakata, domin da zarar majinyacin da kansa ya nemi a gaya masa, dole ne a gaya masa. A 2008 aka yi dokar haƙƙin majinyata tare da ofishin mai kare musu wannan haƙƙi. Daga farkon 2015 kuma aka fito da katin DiLO, wanda ke sa mai alamun kansa a layin gaggawa, har da jami'in da zai riƙa daidaita masa ranakun gwaji da magani.

To, doka ta ce a yi bayani. Wa zai shaida an yi? Sa hannu a takardar amincewa ba hujja ba ce, domin mutumin da ya firgita yakan sa hannu a kan duk abin da aka miƙo masa. A nan ne aikin ƙungiyar EORTC ya shigo, wato ƙungiyar Turai mai binciken ciwon daji da aka kafa a 1962, mai hedikwata a babban birnin Beljiyam. A 1993 ta fitar da takardar tambayoyi 30 kan yadda rayuwar mai ciwon daji take. Daga baya wani rukuni ƙarƙashin Juan Ignacio Arraras na ƙasar Sifaniya ya shirya wata takardar musamman kan bayani, mai suna QLQ-INFO25, aka wallafa sakamakon gwajinta a ƙasashe da dama a 2010.

Abin da ya fi burge ni da takardar shi ne ba likita ake tambaya ba, mai ciwon ake miƙa wa biro. Tambayoyi 25 ne. Ana tambayarsa ko wane irin bayani ya samu kan sunan cutar, da inda ta yaɗu, da ko an shawo kanta. Kan dalilin kowane gwaji da sakamakonsa. Kan amfanin magani da wahalhalunsa. A yawancin tambayoyin yana zagaye ɗaya daga amsoshi huɗu, daga ko kaɗan zuwa sosai da sosai, a ƙarshe a mayar da su maki daga 0 zuwa 100. Akwai tambayoyin da ke taɓa inda ake jin nauyin taɓawa: shin an gaya maka abin da magani zai yi wa zamanka da iyali, da auratayya? An faɗa maka yadda za ka kula da kanka a gida, da inda za ka sami mai sauraron damuwarka? Sannan ga wasu guda biyu a jere, ɗaya na tambayar ko kana son ƙarin bayani, ɗaya na tambayar ko da ka so a rage maka. Wannan ta biyun adalci ce babba, domin akwai mai son jin komai, akwai kuma wanda yawan bayani ke karya masa zuciya, kuma dukansu suna da haƙƙi.

Irin wannan ma'auni ba ya aiki sai a harshen da mutum ke jin ciwo da shi. Shi ya sa ƙungiyar ke da tsari mai tsauri: mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a daidaita fassarorin, wasu biyu su mayar da ita Turanci don a ga ko ma'ana ta zame, sannan a gwada a kan 'yan majinyata a ji inda ta yi musu tsauri ko ta ɓata musu rai. Masu bincike a birnin Krakow sun gwada fassarar harshen Folan, suka wallafa sakamakon a 2014. Daga nan asibiti a Folan ya sami hanyar kwatanta kansa da na Sifaniya ko Jamus da mudu ɗaya.

Duk da haka takardar tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ba. Abin da take aunawa shi ne yawan bayanin da mutum ke jin ya samu da gamsuwarsa, ba ingancin abin da ya fahimta ba. Dattijon da ya saba girmama likita zai iya ba da maki mai yawa alhali ya ɗauka maganin da ake ba shi don rage raɗaɗi na warkarwa ne. Zamani ma ya wuce wani ɓangarenta, tunda tana tambaya kan faifan CD da bidiyo, yau kuwa waya mutane ke ɗauka su shiga intanet tun kafin su bar harabar asibiti. Don rubutaccen bayani akwai ma'aunin DISCERN da aka fitar a Ingila a 1999, sannan 'yan Folan suna da manhajar Jasnopis mai nuna wahalar karanta rubutu a harshensu.

Masu jin wannan harshe kuma ba a Folan kaɗai suke ba. Bayan shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2004 dubban ɗaruruwa sun tafi neman aiki Birtaniya, har ƙidayar 2021 ta nuna fiye da mutum dubu 600 a Ingila da Wales harshen Folan ne babban harshensu. Ƙungiyar agaji ta Macmillan tana buga bayanan ciwon daji da harshensu. Amma a ɗakin likita sau da yawa maganar takan bi ta bakin tafinta ko wani ɗan uwa, kuma ɗan uwa na iya tace abin da ya ga zai yi wa mahaifiyarsa nauyi. A irin wannan hali maki kaɗai ba zai nuna ko a bakin likita bayanin ya ragu ko a hanya ba, sai an tambayi majinyacin ya maimaita da bakinsa abin da ya ji.