Satar mutum suna ɗaya gare ta? Abin da dokokin Ingila, Japan da Tailan suka ce

Mu da Hausa in mun ce "garkuwa da mutane", manufar ɓarawon muka ambata: ya riƙe mutum ya kare kansa da shi, ko ya nemi fansa. Wasu harsunan kuwa ba nan suka sa ido ba.

Kalmar Turanci "kidnap" ta fito ne a ƙarni na 17, lokacin da ake sace yara a Ingila a kai su bauta a gonakin Amurka. Yau ta shafi babba da yaro. A 1984 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokacin ta ce laifin na tabbata in an ɗauke mutum da ƙarfi ko da yaudara, ba da yardarsa ba, kuma ba wani uzuri na doka. Ba a sa kuɗin fansa cikin sharuɗɗan ba.

Dokar Japan ta raba abin biyu. "Ryakushu" shi ne ɗauka da ƙarfi ko barazana, "yukai" kuma jan mutum da daɗin baki ko yaudara. Hukuncinsu ɗaya ne, manufa ce ke sauya shi. Sashe na 224 ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 7 ga wanda ya ɗauke yaro, ko da mahaifinsa ne: a 2005 kotun ƙoli ta tabbatar da laifi kan wani uba da ya fizge ɗansa mai shekara 2 bayan sun rabu da matarsa. Neman fansa kuwa, shekara 3 ne zuwa rai da rai. An ƙara wannan sashe a 1964, bayan sace wani yaro ɗan shekara 4 a Tokiyo a 1963 da kashe shi. Wanda ya saki mutumin a wuri mai aminci kafin a gurfanar da shi, dole a rage masa hukunci, kuma a ganina nan dokar ta yi dabara, don ta bar wa ɓarawo dalilin barin mutum da rai.

Sai kalmar "rachi", wato tafiya da mutum da ƙarfi, wadda aka fi ji a maganar Japanawan da Koriya ta Arewa ta kwashe. Gwamnatin Japan ta tabbatar da mutum 17, biyar suka dawo a 2002.

A Tailan kalmar yau da kullum ita ce "lak pha tua", wato sace mutum a tafi da shi. Doka kuma tana da "phrak phu yao", raba yaro da iyayensa. Wanda ya tafi da 'yar shekara 16 don lalata ya yi laifi ko da ta yarda, domin haƙƙin iyaye ya taka. Neman fansa na iya kai mutum ga hukuncin kisa a sashe na 313.

Mai tayar da tsigar jiki ita ce "um". Asalinta ɗaukar jariri a hannu, amma a bakin jama'a ta koma nufin jami'ai su ɗauke mutum a neme shi a rasa, kamar lauyan nan Musulmi, Somchai Neelapaijit, da ya ɓace a Bankok a 2004. Sai a 2023 dokar da ta mai da wannan laifi mai zaman kansa ta fara aiki.