Gwanjon tsofaffin makamai da sulke

Gwanjon tsofaffin makamai da sulke reshe ne na cinikin kayan tarihi, inda ake sayar da takubba, wuƙaƙe, garkuwa, kwalkwali, sulke da bindigogin zamanin da ga wanda ya fi kowa tayi. Masu saye sun haɗa da attajirai masu sha'awar tarawa, dillalai da gidajen adana kayan tarihi. A wannan kasuwa, sanin wanda ya ƙera makami da hannuwan da ya bi kafin ya iso zauren gwanjo shi ke yanke farashi, sau da yawa fiye da kyan ƙarfen kansa.

Asali

Sarakunan Turai sun daɗe suna ajiye makamai don tarihi. A ƙarni na 16, Yarima Ferdinand na II na Tirol ya riƙa neman sulken da shahararrun mayaƙan zamaninsa suka sa, yana jera su a fadar Ambras kusa da Innsbruck a Ostiriya ta yau. Littafin da ke ɗauke da zanen waɗannan kaya da tarihin masu su ya fito a 1601, shekara shida bayan rasuwarsa.

Da bindiga ta yi ƙarfi a fagen fama, sai sulken ƙarfe ya zama nauyin banza. Rumbunan makamai da dama sun sayar da nasu a farashin tsohon ƙarfe. Ana yawan ambaton rumbun Daular Usmaniyya da ke tsohuwar majami'ar Aya Irini a Istanbul, wanda aka kwashe kaya masu yawa daga cikinsa wajen 1839 zuwa 1840, suka watsu a hannun dillalan Turai. Har yau ɗan tambarin wannan rumbu, idan aka gan shi a jikin kwalkwali, shaida ce da masu saye ke daraja.

Ƙarni na 19

Kasuwar ta kankama ne lokacin da masu kuɗin Birtaniya da Faransa suka kamu da son zamanin jarumawan dawaki, kowa yana so a ga sulke tsaye a zauren gidansa. Samuel Rush Meyrick ya wallafa bincikensa kan tsofaffin sulke a 1824, ya kuma gina wani katafaren gida mai suna Goodrich Court don ajiye abin da ya tara. Shi ne ya fara ƙoƙarin jera kayan bisa zamaninsu, ko da yake na baya sun gyara masa kurakurai da yawa. A 1855 kamfanin Christie's ya yi gwanjon kayan tarihin da wani Bature, Ralph Bernal, ya tara, kuma gidajen tarihi sun kwashi rabonsu. A 1871 Richard Wallace ya sayi tarin Nieuwerkerke, tsohon mai kula da gidajen tarihin Faransa, ya haɗa da wani ɓangare na kayan Meyrick. Su ne ake gani yau a Wallace Collection da ke Landan.

Daga nan kuɗi suka koma Amurka. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya buɗe sashen makamai a 1912 ƙarƙashin Bashford Dean, masanin kifaye wanda sulke ya ɗauke masa hankali. Mai jaridu William Randolph Hearst ya yi ta saye ba ji ba gani, har bashi ya tilasta masa fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1930. John Woodman Higgins, mai masana'antar ƙarfe a Worcester, ya buɗe nasa gidan a 1931. An rufe shi a ƙarshen 2013, aka mayar da kayan gidan tarihin zane na garin.

Jabu da haɗe-haɗe

Yawan masu nema da ƙarancin kaya sun haifar da jabu. Dillalin Landan Samuel Pratt ya sayar da manyan kwalkwali da ya ce na tsakiyar zamanai ne, alhali wani maƙeri mai suna Thomas Grimshaw ne ke ƙera su. Wasu sun daɗe a gidajen tarihi kafin asiri ya tonu. A Munich, maƙerar Ernst Schmidt ta yi kwaikwayo masu kyau, waɗanda daga baya wasu suka shigar kasuwa da sunan na asali. Anton Konrad ya yi suna da kwaikwayon takubban fadar Dresden. Abin dariya, kayan waɗannan mutane yanzu sun tsufa, ana gwanjonsu da sunayen maƙeransu.

Matsalar da ta fi jabu yawa ita ce haɗe-haɗe. Sulke cikakke, wanda duk gaɓoɓinsa suka fito daga maƙera ɗaya don mutum ɗaya, abu ne mai wuyar samu. Galibin waɗanda ke tsaye a zaure, ƙirjin daga nan ne, hannuwan daga can, ƙafafun kuma sabbi ne aka tsufar da su. Shi ya sa gwani ke juya farantin sulken ya duba cikinsa: sawun guduma, kaurin ƙarfe da ke bambanta daga tsakiya zuwa gefe, tsofaffin ramukan ƙusa da aka toshe, da ko layin ado ya zarce daga wannan gaɓa zuwa ta kusa da ita. Ana duba tambarin maƙera irin su Missaglia na Milan da Helmschmid na Augsburg, sai dai tambari ma ana satarsa. Alamar kyarkeci, wato tambarin maƙeran garin Passau a Jamus, ta bayyana a ruwan takubban da aka ƙera a wani garin daban, Solingen, tun ƙarnoni da suka wuce.

Gogewa ma ɓarna ce. Takobin da aka kankare wa tsatsa har ya yi ƙyalli yakan rasa rubutunsa da rabin darajarsa.

Yadda ake ciniki

Gidan gwanjo kan buga kundin kaya mai ɗauke da hoto, awo, ƙiyasin farashi da tarihin mallaka. Mai kaya na iya sa ƙaramin farashin da in tayi bai kai ba, ba za a sallama ba. Ana tayi a zaure, ta waya ko ta intanet. Bayan guduma ta sauka, mai saye yana biyan la'ada a kan farashin. Christie's da Sotheby's sun shigo da ita a Landan a 1975 a kan kashi 10 cikin 100, yanzu kuwa takan haura kashi 20. Ban da su, Bonhams a Landan, Hermann Historica a Jamus da Rock Island a Amurka sun shahara a wannan fanni.

Fitattun ciniki

A Mayun 1983 Sotheby's ya sayar da sulken da aka danganta da Sarki Henri na II na Faransa, ƙirar Negroli na Milan, daga tarin fadar Hever da ke Ingila, a kan fam miliyan 1.9 da ɗoriya. A 2007 an sayi takobin da Napoleon ya riƙe a yaƙin Marengo a kan yuro miliyan 4.8 a Fontainebleau da ke Faransa. Bindigar da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan ta'adin Amurka Billy the Kid da ita, ƙirar Colt ce wadda irinta ke da yawa, amma ta kai dala miliyan 6 a Bonhams a 2021. A Mayun 2023 takobin Tipu Sultan, sarkin Mysore a Indiya, wanda aka ɗauka a fadarsa bayan sojojin Birtaniya sun kashe shi a 1799, ya tashi fam miliyan 14 a Landan.

Doka da taƙaddama

Kowace ƙasa da ma'anarta ta tsohuwar bindiga. A dokar tarayyar Amurka, wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ce. Birtaniya, tun 2021, ta sa iyaka a 1 ga Satumban 1939, tare da sharaɗi kan irin harsashin. A Japan sai an yi wa takobi rajista, kuma wanda aka ayyana dukiyar ƙasa ba a sayar da shi waje. Dokar hauren giwa ta Birtaniya, da ta fara aiki a 2022, ta hana cinikin wuƙaƙe da yawa masu ƙotar haure.

Kayan da aka tono daga ƙasa na jawo gardama. Kwalkwalin Romawa na Crosby Garrett, da aka gano a arewacin Ingila a 2010, an sayar da shi kusan fam miliyan 2.3 ga wani da ba a bayyana ba, bayan gidan tarihin yankin ya gaza kai tayin. Kan ganimar zamanin mulkin mallaka kuwa, wasu na neman a mayar da ita ƙasashenta, gidajen gwanjo na cewa mallakar ta halatta a dokar da suke aiki da ita.