Shayin Ganyen Lemu Mai Ɗaci: Abin da Ke Cikin Kofi da Yadda Ake Rainon Bishiyar

Wane irin lemu ne wannan? Ba lemun tsami ba ne?

A'a, ba shi ba ne, kuma ba lemun zaƙi ba ne, ko da yake a ido sun yi kama da na zaƙin ƙwarai. Larabawa na ce masa naranj, masana tsirrai kuma Citrus aurantium. In ka ɓare shi ka kai baki, tsami da ɗaci ne za su tarye ka tare, shi ya sa ba a shan sa haka nan. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne. Masanin tarihi al-Mas'udi ya rubuta cewa bayan shekara ta 300 ta Hijira aka kawo shi daga Indiya zuwa Oman, daga nan ya shiga Basra da Iraƙi da Sham. Musulmi ne suka ƙarasa da shi Arewacin Afirka da Andalus, ɗaruruwan shekaru kafin Turai ta saba da lemun zaƙi. Har yau harabar tsohon masallacin birnin Kurɗuba a Andalus, wato kudancin Sifen, sunanta Farfajiyar Lemu, kuma titunan birnin Sebiya a Sifen cike suke da dubban bishiyoyinsa, ana kwashe 'ya'yan gonakin yankin zuwa Ingila don yin jam ɗin da suke shafa wa burodi.

Ta yaya zan gane ganyensa?

Dubi mariƙin ganyen, wato inda ya haɗu da reshe. Za ka ga wani ɗan fiffike mai faɗi, kamar ƙaramin ganye ne a gindin babba. Na lemun zaƙi siriri ne. Rassan kuma suna da ƙaya. Ɗaga ganyen ka haska da rana, za ka ga ɗigo-ɗigo birjik, nan man ƙamshin yake. Murza shi a yatsa, hancinka zai ba ka sauran labari.

Su wa ke shan shayinsa, kuma me suke nema a ciki?

A Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka shayin dare ne. Uwa kan tsinko ganye daga bishiyar tsakar gida ta dafa wa wanda hankalinsa ya tashi, ko barci ya ƙi zuwa masa, ko cikinsa ya ƙulle bayan cin abinci. Haka ma a Haiti. A kudancin Faransa tsofaffi sun daɗe da sanin sa a matsayin abin sha mai kwantar da jiki, kuma ana sayar da busasshen ganyen a shagunan magungunan itatuwa.

Ƙamshin yana fitowa ne galibi daga sinadarai biyu, linalil asetat da linalul, waɗanda su ne dai ke cikin furen labanda, wani tsiro mai ƙamshi da ake turare da shi. Babu kafeyin a ciki, don haka ba ya hana barci kamar baƙin shayi. Amma gaskiya ɗaya ce: yawancin binciken da aka yi a kan mutane ya shafi fure ne da mansa, kuma ƙananan gwaje-gwaje ne. Abin da ganyen ke da shi shi ne dogon tarihin amfani a gidaje. A ganina wannan ya ishe shi daraja, ba sai an ɗora masa warkar da hawan jini ko ciwon suga ba. Duk mai tallar da ya ce maka yana yin waɗannan, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai.

Yaya manoman gargajiya ke noma shi?

Misalin da ya fi dacewa shi ne Nabul, a yankin Kab Bon na arewa maso gabashin Tunisiya, inda ƙasa ke da rairayi kuma iskar teku ke sassauta sanyi. A can ba don 'ya'ya ake dasa bishiyar ba, don fure ne. Daga watan Maris zuwa Afrilu ake tsinka, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma akasari mata ne ke aikin. Ana farawa da safe bayan raɓa ta ɗauke, a kai kasuwa a ranar, domin furen da ya kwana a buhu ya soma lalacewa. Wani kaso yana tafiya masana'antar turare, inda kusan tan guda na fure ke ba da kilo ɗaya kacal na man da ake kira neroli. Sauran kuma matan gida ke saya, su turara a tukunyar da suke kira ƙattar, su tara ruwan fure na shekara guda, wanda ake zubawa a gahawa da kayan zaƙi, a kuma shafa wa yaro in zafin rana ya buge shi.

To ina ganye ya shigo? Bayan an gama da fure sai a yi wa bishiyar sassabe, a rage rassan da suka cunkushe don iska da rana su ratsa. Ganyen da ƙananan rassan da aka sare ba a zubar da su. Ana turara su a sami wani man na daban mai suna fetigiren, ko a shanya a inuwa don shayi. Wannan tsari yana burge ni, domin bishiya ɗaya ta ba da fure, ta ba da ganye, ɓawon 'ya'yanta ma ya shiga girki, kuma ba a kashe ta ba. Tana iya haura shekara 100 tana bayarwa, kaka ya dasa jika ya ci moriya.

A ƙasar Faragwai ta Kudancin Amurka kuwa ganyen ne kan gaba. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Benjamin Balansa, shi ya fara turara ganyen a can cikin shekarun 1870, kuma ƙasar ta zama babbar mai fitar da man fetigiren a duniya. Ƙananan manoma ne ke riƙe da sana'ar, musamman a lardin San Fedro: su datse bishiyar ta tsaya gajera, su sari toho, su dafa a tukwane da wutar itace, su ajiye man kamar kuɗi a asusu har ranar da buƙata ta taso.

Taki kuwa na dabbobi ne da ruɓaɓɓen ganye, a zuba a kewayen gindi, a yi wa kowace bishiya kwari da zai riƙe ruwa.

Me ya sa ake nacewa sai wanda ba a yi wa feshi ba?

Nan ne zancen yake. In ka sayi lemun zaƙi da aka fesa wa magani, kana ɓare ɓawon ka yar. Ganye fa? Ba shi da ɓawo. Shi ne ainihin wurin da feshin ya sauka, kuma shi za ka jiƙa a tafasasshen ruwa ka shanye. Bishiyar lemu na fama da darɓa da ƙwari masu manne wa reshe da wata tsutsa mai zane a cikin toho, don haka a manyan gonaki ana feshi akai-akai, kuma wasu magungunan shiga suke cikin jikin ganyen, wanki ba ya fitar da su. Manomin da ya fesa lissafinsa yana kan ranar cire 'ya'ya, bai san wani zai sha ganyen ba.

Shi ya sa tambarin "oganik" a kan kwalin wannan shayi ba ado ba ne. A dokar Tarayyar Turai, gonar bishiyoyi sai ta yi shekara 3 ba takin zamani ba maganin da aka hana kafin amfaninta ya sami tambarin. Ba wai ba a fesa komai ba ne sam, an yarda da abubuwa kamar farar wuta da wasu mayuka. Amma ni dai in aka ba ni zaɓi tsakanin kwali mai tambari da bishiyar gidan da na san mai ita, na gidan zan ɗauka. Ganyen bakin titi kuma, komai kyansa, a bar shi, hayaƙin mota ya riga ya zauna a kansa.

Yaya ake haɗa shi?

Ganye 3 zuwa 5 sun ishi kofi ɗaya. A zaɓi wanda ya ƙosa, kore shar, a wanke, a yayyaga. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba ganyen, a rufe minti 10. Rufewar nan kada a yi wasa da ita, domin ƙamshin tururi yake bi ya gudu. In an bar shi yana ta tafasa a wuta sai ɗaci ya rinjaya. Ɗan zuma ya wadatar. Mai son ajiya ya shanya a inuwa, ya zuba a kwalba mai murfi.

Akwai wanda bai kamata ya sha ba?

Da farko a raba shayin ganye da ƙwayoyin rage ƙiba masu ɗauke da sunan wannan lemu. Waɗancan daga ɗanyun 'ya'ya ake tatso su, an tattara sinadarin sinefirin mai yawa a ciki, wanda kan iya ɗaga bugun zuciya da hawan jini, balle in an haɗa da kafeyin. Sun bazu ne bayan Amurka ta haramta ganyen efedira a irin waɗannan ƙwayoyi a 2004. Ruwan 'ya'yan kuma yana iya hana jiki sarrafa wasu magunguna, ciki har da wasu na hawan jini, sai ƙarfinsu ya ƙaru a jini. Kofin ganye bai kai nan ba, amma mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon zuciya, da duk wanda ke kan magani kullum, ya fara tambayar likitansa.

Zan iya dasa tawa?

Inda lemun tsami ya yi, shi ma yakan yi, muddin akwai ban ruwa da rani kuma ruwa ba ya kwanciya a gindi. Da ƙwaya ake shuka shi, kuma ɗanya, domin irin lemu in ya bushe ƙarau ba ya tsirowa da kyau. Masu lambu sun daɗe suna amfani da shi a matsayin gindin da ake yi wa aure da lemun zaƙi, kamar yadda muke yi wa mangwaro, har sai da cutar tiristeza ta kashe miliyoyin irin waɗannan bishiyoyi a Ajantina da Barazil daga shekarun 1930. Cutar a mahaɗar auren take yin ɓarna, don haka mai neman ganye ya bar tasa yadda ta tsiro. Fure sai an yi haƙurin wasu shekaru, amma ganye tun bishiyar tana iya ƙugu za ka fara tsinkar kaɗan-kaɗan.