Kabon ba guba ba ne: ma'anar kalmar da ta cika rediyo

Kwanan nan duk tashar da ka kamo sai ka ji kabon. Kwamishina zai dasa itatuwa don a rage kabon, gwamna ya tafi taro ƙasar waje neman kuɗin kabon, mai karanta labarai kuma ya ƙarasa da cewa kabon "iska ce mai guba da masana'antu ke fitarwa". Tun da Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita kabon da take fitarwa da wanda take janyewa daga iska, kalmar ta samu gindin zama a bakin 'yan siyasa. Fassarar nan ta "guba" ita ke ci min tuwo a ƙwarya, domin wanda ya ɗauke ta a haka ba zai taɓa gane inda matsalar take ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, karbo, kuma ma'anarta gawayi. Masanin Faransa Labuwaziye da abokan aikinsa ne suka raɗa wa sinadarin wannan suna a 1787. Ka ga ke nan gawayin da mai shayi ke hurawa kabon ne kusan zalla. Busasshen icce kusan rabinsa kabon ne. Tuwo, mai, suga, audugar rigarka, duk da shi aka gina su. Jikinka ma kusan kashi 18 cikin ɗari kabon ne. Ta yaya abin da aka gina ka da shi zai zama guba?

Iska biyu ake cakuɗawa. Akwai kabon monoksaid, wadda janareta ko kaskon gawayi ke cika rufaffen ɗaki da ita lokacin hunturu, a wayi gari iyali guda sun rasu. Wannan guba ce ta gaske. Akwai kuma kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa a kowane numfashi, ita ce kumfar lemon kwalba, ita ce kuma abincin tsiro. Ita ma in ta taru da yawa a wuri ɗaya tana shaƙe mutum, kamar yadda ta faru a tafkin Niyos na Kamaru a 1986, inda sama da mutum 1,700 suka rasu. Amma ba shaƙewa ake tsoro a taron sauyin yanayi ba. Ana tsoron yadda take riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya.

Mu koma kan gawayin. Ɗauki marke guda a daji. Shekara da shekaru yana jan kabon daga iska ta ganyensa, yana gina gangar jikinsa da shi. Aka sare shi, aka turbuɗe da ƙasa aka cinna wuta, aka ɗura a buhu, mota ta kai birni, mai tsire ya gasa nama. Kabon ya koma iskar da ya fito. Idan wani marken ya tsiro a gurbin na farko, bashi ne aka ci aka biya. Idan kuwa dajin ya tafi ke nan, bashin ya tsaya. Shi ya sa motocin gawayin da ke kwararowa birane suke tayar min da hankali fiye da hayaƙin murhun tsohuwa mai tsintar ƙirare. Kabon zagayawa yake yi: iska, tsiro, dabba, ƙasa, teku, ya sake komawa iska.

Fetur da kwal da iskar gas fa? Su ma ragowar halittu ne, sai dai sun kwanta a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi, sun fita daga zagayen. Mu muka tono su muka ƙona cikin ƙarni biyu da ɗoriya. Kafin zamanin masana'antu, kabon dayoksaid kashi 280 ne cikin miliyan na iska. Lokacin da masanin Amurka Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Lowa na Hawai a 1958, ya kai wajen 315. Yau ya haura 420. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa.

Daga nan ne nake shakkar kasuwar kabon. Kamfani a Turai ya ci gaba da ƙona mai, ya biya kuɗi a dasa itatuwa a wata ƙasa, a ce an yi kunnen doki. Ban yarda an yi ba. Kabon da ya kwana shekara miliyan a ƙasa an sake shi, an ba wa bishiya ajiyarsa, bishiyar da fari ko gobara ko gatari za su iya kayarwa cikin shekara talatin. Kuma filin da za a dasa ta gonar wani ce ko makiyayar wani.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda kabon ya danne 'yan uwansa biyu, alhali su ne suka fi kusa da tukunyarmu. Duba buhun takin kamfa, za ka ga N da P da K. N ɗin naitirojin ne, P ɗin fosfaras.

Naitirojin shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, amma masara ba ta iya cin sa a haka. Da can sai walƙiya ko ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa su sauko da shi ƙasa. Manomin da ke surka gero da wake ya san amfanin abin tun bai san sunansa ba. A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya gano yadda za a kamo shi daga iska, Carl Bosch ya mayar da dabarar masana'anta a 1913. Takin yuriya daga nan ya samo asali, kuma da iskar gas ake yin sa, har da na masana'antar takin Dangote ta Lekki da aka buɗe a 2022. Takin ya ciyar da biliyoyin mutane, wannan ba a musu. Sai dai kusan rabin abin da ake zubawa a gonakin duniya shuka ba ta shan sa. Wani ya bi ruwa, wani ya tashi sama a matsayin iskar da ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi sau fiye da 250. A Amurka, takin da kogin Misisipi ke kwasowa yana haddasa gansakuka a Mashigin Meziko, ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A 2017 wurin da ya mutu ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Fosfaras shi ba ya tashi sama. Daga dutse ake haƙo shi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na arzikinsa da aka sani yana hannun Maroko, abin da ya sa Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar taki da ita a 2016. Mu a nan ba yawa ne ciwonmu ba, rashi ne: ƙasar Sahel matalauciya ce wajen fosfaras. Duk buhun hatsin da ya bar ƙauye ya tafi da nasa, ya ƙare a masai da kwatamin birni. A da jakuna da mangala suna fita daga birnin Kano da toka da takin gida zuwa gonakin karkara, Fulani kuma su sauka a gona bayan girbi shanu su kwana a kai. Abin da aka ɗiba yana dawowa. Yanzu an kwashe kara, an ƙona saura, juji ya cika da leda, zaman manomi da makiyayi ya yi tsami, sai jiran buhu.

A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, kafin a san da wata kasuwar kabon, manoma suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, suka riƙa yi musu sassabe suna barin reshe mai ƙarfi. An ƙiyasta hakan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne. Gawo yana ajiye kabon a gangar jikinsa, saiwarsa tana kama naitirojin, tana kuma nutsawa can ƙasa ta ɗebo abincin da saiwar gero ba ta kaiwa. Da damina yakan zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi inuwa, tumaki da shanu su taru suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi a gindinsa. Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na sarari zangarniya.